Sunan da Bai Shiga Waƙa Ba

A can zamanin da, a wani gari, an yi wani mawaƙi da amininsa mai zanen bango. Kullum sai sun yi musu a kan aikin wa ya fi. Mai zane ya ce, "Nawa ana gani." Mawaƙi ya ce, "Nawa ana ji."

Wata shekara mai zane ya ƙawata zauren wani attajiri da farar ƙasa da shuni, har matafiya na tsayawa kallo. Aka kira mawaƙi ya yi wa zauren waƙa. Mai zane ya ja shi gefe ya ce, "Aboki, damina ba ta barin zane. Don Allah ka sa sunana ko a baiti ɗaya."

Mawaƙi ya taɓe baki ya ce, "Ba naka ake gani ba? To, a gani mana!"

Ya wasa attajiri, ya wasa zaure, ya wasa har jakin gidan, amma ya tsallake amininsa.

Damina ta zo, ta sake zuwa, ta wanke zanen tas. Mai zane ya rasu. Waƙa kuwa ta bi gari, har yara suka haddace ta.

Da mawaƙi ya tsufa, abin ya riƙa cin ransa. Ran nan ya tarar da yara na rera ta a dandali. Ya karɓi waƙar, ya cusa sunan amininsa.

Yara suka kwashe da dariya, suka ce, "Baba, babu wannan a ciki! Ba ka iya waƙar ba."