Kujerar Dogo

"Ba za a sayar ba."

Inna ce ta faɗi haka, ko kai ba ta ɗago ba. Tana zaune a ofishin dillalin motoci, ta rungume jakarta a cinya kamar wani zai fizge.

Dillalin ya yi murmushin nan na 'yan kasuwa wanda ba ya kaiwa ido. Ya sake juyo da kalkuletarsa wajen Uwar Biyu.

"Hajiya, duba da kyau. Ga kuɗin sabuwar motar. Ga abin da kuka zo da shi. Akwai giɓi a tsakani. Tsohuwar motar can da kuka zo a cikinta, ita kaɗai za ta cike shi."

"Na ce ba za a sayar ba."

"Inna..." in ji Uwar Biyu, murya ƙasa-ƙasa.

"Kar ki ce min Inna. Ku sayi jirgin sama ma in kuna da hali. Waccan dai tana da mai ita."

Uwar Biyu ta juya ta dubi motar ta gilashin ofishin. Tana can a gefen fili, ƙaramar mota mai ruwan toka, fentinta ya koɗe, an jera sababbi suna ƙyalli a kusa da ita. Rana na dukan gilashin gabanta. In ka ƙura ido sosai, sai ka rantse akwai wani dogon mutum zaune a wurin direba, ya jingina kai yana jira a gama a fito.

Mai ita shi ne Dogo, mijin Uwar Biyu, ɗan Inna ɗaya tal. Wata rana ya dawo daga aiki da hantsi, ya ajiye motar a ƙofar gida, ya ce kansa na sarawa, bari ya ɗan kishingiɗa. Bai tashi ba. Ya bar mata tagwaye suna rarrafe, da uwarsa, da motar.

Tun daga ranar ba wanda ya taɓa kujerar direba. Yadda ya tura ta baya saboda tsawon ƙafafunsa, haka take. Ita kuwa Uwar Biyu gajeruwa ce. Da ta koyi tuƙi, sai ta riƙa cusa filo biyu a bayanta, ta zauna a bakin kujera, tana taka birki da 'yan yatsun ƙafa. Madubin tsakiya ma ba ta gyara shi ba. Yana nan a saitin idon Dogo, ita in ta ɗaga kai rufin mota kawai take gani. Shekaru take tuƙi a haka, ba ta san abin da ke biye da ita a baya ba.

Wani lokacin, in ta taka birki da ƙarfi, sai ta ji kujerar ta yi wani ɗan nishi, irin na mutumin da ya gyara zama. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Wanda ke tsaye a bakin ƙofar ofishin yana murza hularsa shi ne Mai Agogo. Sana'arsa gyaran agogo, shi ma matarsa ta rasu ta bar masa 'yan mata biyu. Mutum ne mai sanyin magana, yana ɗaure da agogo a kowane hannu, ɗaya nasa, ɗaya na wani da yake gwadawa. Ya daɗe yana neman auren Uwar Biyu, ita ma zuciyarta ta daɗe da amsawa. Amma ta yi wa kanta alkawari: ba za a ɗaura ba sai Inna ta ce "na yarda" da bakinta. Inna kuwa duk ranar da aka kawo zancen, sai ta tashi ta ce gwiwarta na ciwo.

Uwar Biyu da Mai Agogo suka haɗa abin da suke da shi don su sayi motar iyali mai kujeru bakwai, wadda za ta ɗauke gida biyu in sun zama ɗaya. Da ƙyar aka lallaɓo Inna ta zo gani.

Uwar Biyu ta fita waje, Mai Agogo ya bi ta. Suka tsaya a inuwar sabuwar motar, fara ce sol, da leda a kan kujerunta.

"Kar ki yi kuka, hasken idona," ya ce. "In ba yau ba, wata rana."

"Wace ranar? 'Yan uwanka sun gaji da jira. Kai ma za ka gaji."

"Ni mai gyaran agogo ne. Jira sana'ata ce."

"Kullum wasa..."

"Ba wasa ba ne. Tsoro nake ji duk lokacin da na gan ki a bakin kujerar nan kina laluben birki da yatsa. Amma ba zan ce ki sayar ba. Bakina bai isa ba."

Ta share ido da gefen mayafi. "In na sayar, na sake binne mata shi. In ban sayar ba, na binne ka da rai. Ka gaya min yadda zan yi."

Kafin ya amsa, dillalin ya fito, Inna na biye da shi tana dogara sanda. Ya ce shi dai a bari ya duba tsohuwar, duba ba saye ba ne. Ya zagaye ta, ya daki taya da ƙafa, ya buɗe ƙofar direba ya jefa filon biyu a baya. Sannan ya sunkuya ya kai hannu ƙarƙashin kujera, inda ƙarfen da ake ja yake.

"Kar ka taɓa!"

Tare suka faɗa, Uwar Biyu da Inna. Amma ya riga ya ja. Ya ja, ya sake ja, ya sa gwiwa ya tura. Kujerar ba ta motsa ba. Sai ɗan nishin nan da ta yi.

Uwar Biyu ta ƙura wa kujerar ido.

"Tsatsa ta cinye ta," in ji dillalin yana kakkaɓe hannu. "Wa zai sayi motar da kujerarta ta ƙame? Sai an cire an sa wata. Ko kun yarda kun sayar, dole in zabtare kuɗin kujera."

"To, mun gode," in ji Mai Agogo. "Allah ya saka da..."

Uwar Biyu ta harare shi, ya haɗiye sauran. Bai iya ciniki ba ko kaɗan. Ko a shagonsa, in aka taya gyara da arha, shi yake jin kunya.

"Ka rage mana a sabuwar," ta ce. "Akwai irinta a wasu wuraren. Za mu iya zuwa can."

Dillalin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Hajiya, ba za ku je ko'ina ba. Na san wannan kuke so. Tambayi mutumin naki."

Mai Agogo ya sunkuyar da kai.

"Makon jiya ya zo nan shi kaɗai," dillalin ya ci gaba. "Ya ari sandar mai gadinmu. Ya ƙame ƙafa ɗaya, ya riƙa bin motoci ɗaya bayan ɗaya yana hawa yana sauka da ɗingishi, yana cewa wash, wash, kamar tsohuwa. Muka zaci taɓin hankali ne. Da ya zo kan wannan, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, sai ya ce, yawwa, wannan matakinta yana ƙasa, ga abin riƙewa, Inna za ta hau ba sai an ɗaga ta ba. Har ya zauna a kujerar bayan direba ya miƙe ƙafa, wai yana auna wurin gwiwa. Wanda ya nuna min zuciyarsa haka, ta yaya zan rage masa?"

Can nesa wani yana wanke mota, ruwa na zuba a kan kwano.

Inna ta juyo a hankali ta dubi Mai Agogo tun daga hula har takalmi.

"Haka nake tafiya?"

"Inna, ki yi haƙuri... ban yi don..."

"Na ce haka nake tafiya? Da wash, wash?"

"Kaɗan," ya ce, kamar zai nutse.

Ta matsa jikin sabuwar motar. Ta leƙa ciki tana ƙirga kujeru da bakin sandarta, leɓɓanta na motsi. Ta gama, ta sake farawa.

"Ku biyu a gaba. Tagwaye. 'Yan matanka biyu. Saura ɗaya."

"Taki ce, Inna."

"Na zaci ta 'yar aiki ce." Muryarta ta ɗan karye. "Na zaci in kun tare, ni za a bar ni a tsohon gida da tsohuwar mota, mu yi ta kallon juna. Shi ya sa na riƙe ta. Mutum ya rasa ɗa, ya rasa jikoki, a ƙwace masa har ƙarfen?"

Uwar Biyu ta durƙusa a gabanta a kan siminti, ta kama hannunta. "Inna, wa ya ce miki haka? Wallahi ko a mafarki..."

"Ba wanda ya ce. Ba wanda kuma ya ce ba haka ba ne."

Ta zare hannunta. Ta kama abin riƙewa, ta ɗora ƙafa a mataki, ta hau ita kaɗai. Ta zauna a bayan direba, leda na ƙara a ƙarƙashinta. Ta miƙe gwiwar mai ciwo har ƙarshe, ba ta taɓa komai ba. Ta daɗe a haka idonta a rufe.

Da ta buɗe, wata Inna ce daban.

"Kai, mai kalkuleta. Zo nan."

Dillalin ya matso.

"Na ji ɗazu a ofis kana lissafa kuɗin goge mota. Sabuwar mota ce ko daga kwata kuka tsamo ta?"

"Hajiya, ai ƙa'ida ce..."

"Cire. Da kuɗin shimfiɗar ƙafa. Muna da tsumma a gida. Da wancan da ka kira kuɗin ajiya, mu muka ce ka ajiye ta?"

"Ranki ya daɗe, za ki sa a kore ni."

"In an kore ka ka zo, yaron nan zai koya maka gyaran agogo. Ka ce ba za mu je ko'ina ba saboda ya nuna maka zuciyarsa. To shi ya nuna, ni ban nuna ba. Don ni aka zaɓi motar, in na ce ba ta yi min ba, ciniki ya mutu. Tun da muka zo ban ga wani mai saye ya shigo filin nan ba sai ƙudaje. 'Yar nan, riƙe min sandata in sauka."

Ta fara zuro ƙafa waje. Dillalin ya tare ƙofa da sauri yana danna kalkuleta. Ya nuna, ta kau da kai. Ya sake dannawa, ta yi tsaki. Sai a karo na gaba ta dubi Uwar Biyu, Uwar Biyu ta dubi lambar ta gyaɗa kai. Kuɗi ne na gaskiya, ba cuta ba cutarwa.

"Saura abu ɗaya," in ji Inna. "Tsohuwar motar, ka ɗauka, amma ka ce za ka zabtare kuɗin kujera. Ashe kujerar ba ka saya ba. A kwance mana abarmu."

Aka kira bakanike. Ƙusoshin suka ƙi, kamar yadda kujerar ta ƙi. Mai Agogo ya cire agogunansa biyu ya ba Uwar Biyu ta riƙe, ya durƙusa ya ɗiga musu man da yake yawo da shi a aljihu, a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa. Uwar Biyu ta matso ta ji abin da yake cewa.

"Ka yi haƙuri, ɗan uwa. Amana ce, na karɓa. Ba zan bari su yi kuka ba."

Ƙusa ta farko ta juya. Sauran suka bi.

Shi ya ɗauko kujerar a rungume, ya tsayar da ita a but ɗin sabuwar motar, ya ɗaure da igiya don kar ta faɗi. A wurin jingina kai akwai ɗan lotsawa da baƙin man gashi, daidai inda ƙeyar Dogo take sauka.

Da aka gama takardu, Mai Agogo ya miƙa wa Uwar Biyu makulli. Ta hau wurin direba. Hannunta ya kai baya yana neman filo, ya dawo wayam. Sannan ta sunkuya ta kama ƙarfen ƙarƙashi ta ja, kujerar ta sulalo gaba ba ƙara, har tafin ƙafarta ya zauna a kan birki gaba ɗaya. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Kai, mai ɗingishi," in ji Inna daga baya.

"Na'am, Inna."

"Ka gaya wa mutanenka su zo. Na yarda. Amma kar in sake jin ka yi ciniki kai kaɗai, za ka sayar da mu."

Mai Agogo ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa.

Uwar Biyu ta ɗaga hannu ta kama madubin tsakiya, ta sauko da shi daidai idonta. Ta ga Inna tana kallon waje tana motsa baki. Ta ga kujerun yara da ledarsu. Can ƙarshe, kan kujerar Dogo ya leƙo ta saman na baya, ya fi su duka tsawo. Ta bayansa kuma, ta gilashi, ga hanya.

Ta tayar da mota. A bakin ƙofar fita ta taka birki, ta kasa kunne. Ba ta ji nishin ba.