Noti Huɗu a Kan Farin Ƙyalle

Da guduma aka fasa kan Dakta Nirmin Shalabi, masaniyar kimiyya, a ɗakin gwajinta, kuma ba bugu ɗaya ba. Sufeto Safwat Gindi ya ƙirga uku, sannan ya kau da kai. Shekara ashirin yana aiki a birnin Iskandariya, amma wallahi bai taɓa ganin irin wannan ba.

La'asar ɗin Juma'a ce, ɗakin gwajin ba kowa. Jini ya malale har ƙarƙashin teburi. A saman teburin ga wata na'urar ƙarfe kamar gwangwanin madara, a buɗe, da notinta huɗu jere a kan farin ƙyalle.

"An sace lu'ulu'u biyu daga cikinta, Basha," in ji Saje, da laƙabin da ake girmama manya da shi a nan. "Maigadin ne, Baba Sabri. Yara suna can suna lallaɓa shi."

Sufeto ya san irin lallaɓar. Ya tarar da tsohon a bayan mota, leɓe a fashe, yatsu biyu a karye.

"Na rantse ban shiga ba, Basha. Kada ku bari a rataye ni."

"Duk wanda ya ƙara taɓa shi, ni da shi ne," in ji Sufeto.

Aka kira Dakta Wa'il, abokin aikin marigayiyar, wanda ya wuni a Alƙahira wajen mahaifiyarsa. Ya ɗauki na'urar.

"Me kuke dafawa a cikin wannan?" in ji Sufeto.

"Ƙwayar ƙarfe da iskar haidurojin muke matsewa tsakanin lu'ulu'u biyu, har su zama sabon abu. Shugabanmu, Farfesa Hamdi Zahran, ya sanar cewa lantarki na ratsa abin ba tare da ya ragu ba. Duniya ta ɗauka."

"Ina abin?"

"Babu shi. Sai cikin matsi yake wanzuwa, ana kwance noti ya watse. Jibi Nirmin za ta kai shi wani ɗakin gwaji a sake aunawa. Ta ce lissafin Farfesa bai kwanta mata ba."

"Ɓarawo zai iya kwancewa?"

"Haba, Basha! Biyu dama suke juyawa, biyu hagu, kuma kaɗan-kaɗan ake yi, kamar awa uku. Wanda bai sani ba, nan take lu'ulu'un zai tarwatse."

Sufeto ya shafa cikin na'urar da yatsa. Ko ƙurar fasasshen lu'ulu'u babu.

"Ku nawa kuka iya?"

"Ni, da ita, da Farfesa."

Ya sake duban ƙasa. A gaban kujera, jinin ya kewaye wasu gurabe biyu ya bar su a bushe. Wani ya zauna nan bai motsa ƙafa ba, jini na bi ta gefen takalminsa.

Farfesa ya karɓe su a ofishinsa da shayi da na'ana'a.

"Tamkar 'yata take. Daga masallaci gida na wuce. Maigadin nan dama ban yarda da idonsa ba."

"Takalmin nan sabo ne, Farfesa?"

"Laifi ne?"

Saje ya zazzage durowa. A can ƙasa ga kwalin tabarau, cikinsa auduga, cikin audugar 'yan duwatsu biyu masu ƙyalli.

"Tsofaffi ne, sun tsage, ba su da amfani," in ji Farfesa.

"To, madalla."

Sufeto ya ɗora su a kan teburi, ya zaro gudumar daga ledar shaida, gashin Nirmin na manne da ita, ya ɗaga.

"Kada ka kuskura!"

Dattijon nan ya tsallake teburi kamar saurayi, ya kwaɗa wa Sufeto butar shayi a goshi. Jini ya rufe masa ido. Saje ya murɗe hannun Farfesa har ƙashi ya yi ƙara, ya danna fuskarsa a ƙasa, tabarau ya farfashe.

"Ni na yi coge a lambobin gwajin," in ji Farfesa, yana haki. "Da an auna, aikina na shekara talatin ya tafi. Na roƙe ta, ta ce gaskiya ba ta gidanmu ba ce."

"Sai ka bar tsoho ya hau igiya."



Sufeto ya share jinin da hannun riga. "Abu ɗaya ya dame ni. Guduma na hannunka. Bugu ɗaya ka yi wa na'urar, da ka fita cikin minti guda, da ban taɓa gano ka ba. Me ya zaunar da kai awa uku kusa da gawa?"

Farfesa ya ɗago, ya dube shi da mamaki na gaske.

"In fasa lu'ulu'u? Irin waɗannan ba a samun su kullum."

Aka saka masa ankwa. A bakin ƙofa suka wuce Baba Sabri, an kwance shi, yana ƙoƙarin riƙe kofin ruwa da yatsun da suka rage masa lafiyayyu.