Mai Riƙon Kumatu

Warin ne ya riga shi shigowa. Auta tana durƙushe gaban tankin gilashi tana kankare gansakuka, sai ta ji ɗoyin kwata ya daki hancinta, ta waiwayo a fusace. Wani dogon saurayi ne tsaye a bakin ƙofa cikin shuɗin kayan aiki, takalman robarsa sun yi caɓa-caɓa da baƙin taɓo.

"Salamu alaikum. Ni ne na kira jiya kan maganar kifi. A yi haƙuri, daga aiki nake, bututun wani gida ne ya toshe."

"Tsaya nan!" in ji ta, ta toshe hanci da gefen mayafi. "Cire takalman nan. Ga famfo can a waje, ga sabulu."

Ya yi murmushi ya juya, ko a jikinsa. Haushi ya ƙara kama ta da ta lura murmushin yana da kyau.

Auta a shagon wanki da guga take aiki, kuma Allah ya yi ta da ƙyanƙyami. Ko kofi aka miƙo mata sai ta shinshina. Abu ɗaya ne a duniya take sa hannu cikin ƙazantarsa ba ta yatsina fuska ba, shi ne tankin Kumatu, wani ƙaton kifin ado baƙi mai ɗigon ja, mai fuska kamar an yi masa laifi. Babanta ne ya kawo shi yana ɗan mitsitsi, shekara takwas ke nan, ya raine shi har ranar da ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Yanzu ita da Umma za su koma wani ƙaramin gida a hawa na uku ƙarshen wata, mai gidan kuma ya ce ba a hau masa bene da tankin ruwa. Saura mako uku, Kumatu ba shi da wurin zuwa.

Ta sa sanarwa a waya cewa kyauta ne, amma sai ta yi tambayoyi ta kuma ga gida. Abin da ta gani a kwana goma ya ishe ta tashin zuciya na shekara. Wata mai gyaran gashi ta zo da kwalbar alewa, wai a ciki za ta sa shi a kan kantar shagonta. Wani mutum ya daɗe yana kallon kifin yana haɗiyar yawu, can ya tambaya ko yana da ƙaya da yawa. Ƙofa kawai Auta ta buɗe masa.

Mai famfon ya dawo hannuwansa a wanke, ya zauna a ƙasa nesa da tankin.

"Matso mana ka gan shi."

"Daga nan ma ina ganinsa. Akwai sauran sabulu a hannuna, kada ya taɓa ruwan."

Ta ɗan dube shi. Sannan ta buɗe littafinta ta fara: girman tankinsa nawa, me zai ba shi ya ci, in ya yi tafiya wa zai kula da shi. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba.

"Ranki ya daɗe Alƙaliya," ya ce da ta rufe littafin, "ni ma ina da roƙo. Ki ba ni rabin soson da ke cikin matacin ruwansa. Yadda yake, kada ki wanke."

Soson nan baƙi ne ƙirin, mai yauƙi, yana ƙarnin tsohon kududdufi. Amma Baba ya sha gaya mata cewa ran tankin yana cikinsa, don ƙananan halittun da ke cinye dattin kifi a nan suke zaune, kuma sabon tanki mai ƙyalli ba gida ba ne sai sun kama. A cikin mutum tara da suka zo, babu wanda ya san wannan.

"Zan sa shi a nawa tankin ya yi mako biyu yana aiki," ya ce. "Kafin nan ko kin ba ni kifin ba zan ɗauka ba."

Ta yanka soson da almakashi ta ƙulle masa a leda. Ya karɓa da hannu biyu.

Daga ranar saƙonni suka fara.

"Barka da safiya Alƙaliya. Rana ta huɗu. Ruwa ya ɗan yi hazo, ƙanwata ta ce gidanmu yana warin rafi. Na ce mata warin arziki ne."

"Hazon zai wuce. Ka yi wanka kuwa yau, Injiniyan kwata?"

"Sau biyu. Na farko don aiki, na biyu don zan rubuto miki."

Ta karanta wannan a bayan injin guga, ta ja tsaki, ta sake karantawa. Ranar hutunta ta je ganin gida kamar yadda ta sharɗanta, ƙanwarsa ta tare ta. Tsakar gidan cike yake da guntayen fayif da tsofaffin kawunan famfo, har da wata fasasshiyar tukunyar banɗaki da aka shuka na'ana'a a ciki, abin da ya sa Auta ta ƙi shan shayin da aka kawo mata. Amma tankin ya fi na Baba tsawo, yana inuwa, yana da murfi, ruwan yana gudu a hankali. Ta sunkuya ta shinshina. Ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama ta ji, irin na tankin gidansu, sai idonta ya ciko.

"Na ci jarrabawar?" ya tambaya a hankali.

"Tankin ya ci. Kai ana dubawa."

Umma kuwa tun ranar farko ta yanke nata hukuncin. Sau uku ta wanke daɓen bakin ƙofa bayan tafiyarsa.

"Mutumin da yake wuni hannunsa a masai! Shi kike wa dariya a waya? Da wannan hannun zai miƙo miki abinci? Allah ya kiyaye. Ga ɗan ƙawata, manajan otal, yaro tsaf-tsaf, ya ce yana son kifin, yana kuma son magana da ke."

Manaja ya zo sau biyu, turarensa yana riga shi hawa matakala. Da Auta ta tambaye shi da me zai riƙa wanke tanki, sai ya yi dariya ya ce yana da ma'aikatan shara goma sha biyu, otal ɗinsa ko ƙuda ba ya sauka. Kumatu ya matso jikin gilashi, Manaja ya ƙwanƙwasa masa mukullin mota a fuska. Auta ta ji kamar ita aka ƙwanƙwasa. Ta ce masa a'a, da ladabi, a gaban Umma.

Saura kwana biyar su tashi, tana tsakiyar ninke zannuwan gado a shago da hantsi, saƙon mai famfon ya shigo.

"Na zo da safe in ce miki tanki ya shirya. Umma ta ce an bayar da kifin, mai kifin ma an kusa bayarwa. Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba, da na so daga bakinki na ji. Allah ya sa alheri. Don Allah ki ce wa wanda aka ba kada sabulu ya taɓa tankin."

Ko jakarta ba ta ɗauka ba, ta nufi otal ɗin Manaja.

Zauren otal ɗin fari ne tas, yana ƙamshin lemun tsami da maganin goge tayil. Umma tana zaune a kujerar fata cikin leshinta na fita, an ajiye mata lemo. A tsakiyar zauren ga sabon tanki yana walƙiya, da duwatsu masu launi da fitila shuɗiya. Kumatu yana can sama a karkace, bakinsa yana buɗewa yana rufewa, jikinsa ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka.

"Kin ga yadda ake riƙon kifi?" in ji Manaja. "Da bilic, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na sa aka wanke shi, sau biyu. Wannan ƙazamin soson da aka haɗo mu da shi kuwa, tuni yana bola."

Auta ta shinshina ruwan, warin bilic ya daki hancinta. A gefe ga bokitin da aka ɗauko shi a ciki, da sandar goge ƙasa jingine a jikinsa, har da sauran kumfa. Ba ta taɓa jin ƙyamar wani wuri kamar wannan zaure mai tsabta ba.

"Umma, kifin Baba ne fa," ta ce. "Mutuwa yake yi."

Umma ta tashi ta matso. Ta kalli kifin da ta shekara takwas tana yi wa tsaki, ta ga ya kife ya sake miƙewa da ƙyar. Ta dafe ƙirji.

Auta ta danna waya. "Injiniya, ban bayar da shi ba, wallahi ban sani ba. Bilic ne. Ka zo."

"Kada ki ƙara masa ruwan famfo. Ina hanya."

Ya shigo da jarka biyu na ruwan tankinsa da sabuwar roba mai murfi, takalmansa suna barin baƙin sawu a kan farin tayil. Daga ramin kwata aka kira shi, kowa ya ji hakan. Manaja ya ciro hankici ya rufe hanci.

"Malam, ta ƙofar baya masu irin aikinku suke shiga."

Bai ko kalle shi ba. Ya ɗauraye hannunsa da ruwan jarka, ya cika robar, ya sa tafukansa biyu a ƙarƙashin Kumatu ya ɗago shi a hankali yana cewa, "Sannu babban mutum, sannu." Ya miƙe zai ɗauki robar, sai Umma ta riga shi.

"Kai ka tuƙa. Ni zan riƙe."

Haka suka tafi gidansa a motar aikinsa mai warin kwata, Umma a gaba da roba a cinya, ruwan kifi yana fallatsa a leshinta duk ramin da suka faɗa. Sau ɗaya ta yi yunƙurin amai ta danne. Ba ta saki robar ba.

Kwana uku Kumatu yana kwance a ƙasan tankin mai famfon, bai ci komai ba. Auta tana ɗaure kwalaye tana kuka, Umma tana naɗe kwanuka a tsofaffin jaridu. Ranar da motar kaya ta zo, suna tsaye a falon da ya zama fanko, wayar ta yi ƙara.

"Alƙaliyata, albishirinki. Ya ci tana biyu, ya kuma cije ni a yatsa. Ina ga ya yafe mana. Saura shari'ata, har yanzu ana dubawa?"

Umma ce ta ce a karanta mata, Auta ta karanta har ƙarshe kafin ta ankara da jimlar ƙarshen. Kunya ta rufe ta. Umma ta daɗe tana kallon inda tankin ya bar alama a jikin bango.

"Tana," ta ce, ta yatsina fuska. "Da hannu yake tono su ko? Kai, Allah ya sawwaƙe." Ta ɗauki kwali ta nufi ƙofa, sannan ta tsaya. "Ki ce masa ya turo manyansa. Amma ya yi wanka tukuna."

Auta ta zauna a kan kwali ta rubuta: "An gama dubawa, Injiniyana. Ka ci. Umma ta ce ka turo, da sharaɗin wanka."

"Sau bakwai zan yi, rabin raina."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Washegarin tarewa da rana Umma ta zo ganin ɗaki, ta duba labule, ta shafa saman kabad ta kalli yatsanta, ta ce ba laifi. Ango yana durƙushe a gefe, ya sha farar riga, yana ƙamshin sabulu har ya yi yawa. Can ta ja kujera ta zauna gaban tankin. Kumatu ya taso daga bayan dutse, ya tsaya daidai fuskarta yana hura kumatu.

"Kullum da safe haka yake yi wa babanku," ta ce ba ta juyo ba. "Shi ya sa tun da ya rasu ba na iya kallonsa. Na ce ƙarni ne. Ba ƙarni ba ne."

Auta ta zo ta durƙusa ta ɗora kai a cinyarta. Umma ta dafa kanta da hannu ɗaya, ta miƙa ɗayan ta kamo hannun surukinta, ta riƙe shi gam.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa ku riƙe juna amana." Ta share ido da bakin mayafi, ta kalli gilashin. "Ku ukun duka."

Suka ce amin.