Hoton da Babu Kowa a Ciki

Da azahar aka kira Insifekta Ra'afat Mansi: akwai gawa a gidan ajiye tsofaffin jiragen sama da ke bayan garin Alƙahira. Wani ne ya danna ƙararrawar gobara alhali babu wuta. Jama'a suka yi rububin fita, aka tattake wani dattijo, Hajji Abdulwaris, a bakin ƙofa.

Yana shiga zauren ya ja ya tsaya. Wani tsohon jirgin yaƙi ne rataye a sama, fukafukansa sun tokare bango da bango, cikinsa sai sheƙi yake. Sai da Saje Hilmi ya yi gyaran murya sannan ya tuna abin da ya kawo shi.

Maigadi Ammu Sabri ya rantse bai gusa daga wurinsa ba.

"To shayin da ya zube maka a riga fa? Ko bushewa bai yi ba," in ji Insifekta.

Maigadin ya sosa ƙeya. "Kofi ɗaya na je sha, ya basha, ranka ya daɗe. Amma wani mai hoto na bari kusa da ƙararrawar."

Suka sami mai hoton, Ustaz Nagi, a tsakar gida, ya rungume kyamararsa.

"Me kake ɗauka?"

"Jirgin nan. Tun ina saurayi nake binsa, ga shi har na yi furfura. Kullum sai wani ya cusa min ƙeyarsa."

"Da ƙararrawa ta kaɗa fa?"

"Na gudu kamar kowa."

Insifekta ya karɓi kyamarar yana dubawa. Kawuna, hannaye, wayoyi, rabin fiffike. Da ya zo na ƙarshe sai yatsansa ya tsaya. Jirgin ne shi kaɗai, haske ya zubo masa, kai ka ce yanzu zai tsinke igiyoyin ya tashi. Saje ya leƙo ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah!"

"Wannan fa, Ustaz?" in ji Insifekta.

"Da sassafe na ɗauka, kafin a buɗe."

"Hasken nan a tsaye yake saukowa ta tagar rufi. Rana tsaka ke nan." Ya matso da kusurwar hoton. "Wannan kuma sandar marigayin ce yashe a ƙasa."

"Ni na danna ƙararrawar," in ji Nagi. "Ɗan lokaci kaɗan nake so ni da jirgin, ba kowa. Na ji ihu a ƙofa, wallahi na ji. Amma hasken ya riga ya sauko, na kasa waiwayawa."

Saje ya sa masa ankwa. Har sun kai mota Nagi ya juyo.

"Ya basha, don Allah kada a goge hoton."

"Ba mai goge shi," in ji Insifekta. "Alƙali ma sai ya gani."