Ƙwayoyin Astajam

Ranar da Hamajoda ya fara aiki a ɗakin gwaji na jami'a da ke Dang, ya tarar da wata budurwa tana yi wa famfo faɗa.

"Ya ba ki amsa?" ya tambaya.

"Kai ne ka dawo daga Beljik?" ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "To Bature, kada ka taɓa mini komai."

Sunanta Astajam. Aikin digirinta a kan ƙananan ƙwayoyin halittar da ke mayar da madara kindirmo ne, iri biyu, dogaye da zagayayyu. Ta zuba su a siririn bututu, famfo yana tura madara ta kansu, tana neman gudun da zai bar su su rayu tare. In madara ta yi jinkiri, tsami ya taru, dogayen su mamaye wurin. In ta yi sauri, ta kwashe dogayen, zagayayyun kaɗai su rage.

Amma wasu ranaku sai ta leƙa madubin ƙara girma ta ga duka biyun sun yi ɓul-ɓul, alhali ba ta canza komai ba.

"Aljanu ne," in ji ta.

"Wataƙila," in ji Hamajoda, yana kallon takalminsa.

Ya fara ajiye mata tsire a bakin taga. Da yamma yakan turo saƙo: "Dokta, kin isa gida lafiya?" Ta amsa: "Lafiya lau, Baturena. Shi ke nan?" Ya ce: "Shi ke nan." Takan juya wayar kamar sauran maganar na baya.

Duk da haka ya tura baffansa wurin mahaifinta, Alhaji Sambo.

"Ko maraƙi ba shi da shi," in ji Alhaji. "Mutum ya je har ƙasar Turawa ya dawo yana kiwon abin da ido ba ya gani? Kuma babu zancen aure sai ta gama karatu."

Karatun kuwa ya ƙi ƙarewa. Ba a rubuta aljanu a kundin digiri.

Sai ga Bobbo, ɗan goggonta, mai garke har bakin kogin Vina. Ya ji tana kukan ɗauke wuta, ya sauke mata janareta a ƙofar ɗakin gwaji.

"Ƙanwata, ki ce wa Baturen nan ya riƙa zuba mai," ya ce yana dariya.

Daga ranar famfo bai sake tsayawa ba, ƙwayoyin kuma ba su sake zama tare ba. Astajam ta rasa inda za ta sa kanta. Wuta ta gyaru, aiki ya lalace. Mutum ɗaya ne ke da makulli ban da ita.

Ta rubuta wa Hamajoda: "In kishin Bobbo kake yi, ka yi da ni. Me ƙwayoyina suka yi maka?"



Washegari da aka ɗauke wuta, ta kashe janareta, ta yi kamar ta tafi aji, ta zagayo ta taga. Hamajoda ya cire bututun daga famfo ya haɗa da sirinji, yana tura madara da babban yatsa. In yatsan ya gaji ya dakata, ya yarfe hannu, ya ci gaba.

Ta banko ƙofa.

"Tun yaushe kake wannan?"

"Kafin janareta, duk ranar da aka ɗauke wuta kina aji."

"Ka bar ni ina ta kiran aljanu? A Beljik haka aka koya maka, ka sa hannu a gwajin mutum a ɓoye?"

"A'a. Na so in faɗa. Amma da na faɗa, sai kin tambaye ni dalili."

"To na tambaya."

Ya ajiye sirinjin.

"Ba na son ki dawo ki tarar sun mutu, Astajam. Na ga fuskarki ranar da hakan ta faru."

Ta ce ya sake turawa ta gani. Ashe ba sauri ƙwayoyin ke so ba, ba jinkiri ba, sai a tura a dakata. Ta saita famfon a kan haka, aiki ya tafi, ta gama kafin damina.

Fushin dai bai tafi ba. Ta kai wa mahaifinta labarin duka, har da watannin da ta yi asara.

Alhaji ya ajiye ƙwaryar nono.

"Bai taɓa faɗa miki ba? Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

"Ashe Turawa ba su cinye masa kunyarsa ba. A ce wa baffansa ya dawo."

"Baba, ƙararsa fa na kawo."

"Na ji."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. A cikin motar kai amarya ta turo masa saƙo daga ƙarƙashin mayafi: "Har yanzu ban gane ba, fushi nake da kai ko me?"

Ya amsa: "Ni ma ban gane ba, matata. Ki iso mu bincika."

Goggonta ta fizge wayar ta cusa a jaka.

"Amarya da danne-danne! Rufe fuska. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka, kada ƙwaryarku ta bushe."

Matan motar suka ce amin. Astajam ma ta ce, a hankali.