Sunan da Ke Kan Katin

Ranar wata Laraba, gab da magariba, na sauka ƙasa don in kashe fitilu in kulle sashen adana tsofaffin takardu. Shekarata goma sha tara ina wannan aiki a ɗakin karatu na jami'a. Ɗalibai suna ce mini Anti ta ƙasa, saboda sashenmu a ƙarƙashin ginin yake, inda rana ba ta leƙawa. Duk wata takarda da ta shafi kafuwar jami'ar da ƙauyukan kewaye, ni na kakkaɓe ta, na ba ta lamba, na sa ta a kwali. Amma da aka tashi rubuta tarihin jami'ar, wa aka ba? Ƙanwata.

Ƙanwar da na goya, na koya mata riƙon fensir. Yanzu Dakta ce a sashen tarihi. Ko Inna ta daina kiran sunanta, sai "Dakta ta iso", "a zuba wa Dakta abinci". Ni kuwa in na shiga gida sai ta toshe hanci ta ce na kwaso musu warin takarduna. Ba zan ɓoye ba, kishi nake yi da yarinyar nan, irin kishin da ke hana loma wucewa.

Da safiyar ranar ta leƙo ofishina tana ƙamshin turare.

"Yaya, gobe ina son kwali na arba'in da bakwai. Wanda ke da taswirar filin nan kafin a yi gini."

"Wa ya gaya miki akwai wata taswira?"

"Ke mana! Har kin manta?" Ta yi dariya. "Kwantar da hankalinki, zan sa ki a shafin godiya."

Shafin godiya! Ni da direba da mai buga takarda. Taswirar nan ni na tsamo ta daga tarkacen da aka tara za a ƙone, kuma babu irinta ko'ina. Tana nuna gidajen da aka tasa, da tsohuwar rijiyar da aka cike aka ɗora ɗakin karatun a kanta. Shekara tara ina cewa zan yi rubutu a kanta, ban yi ba. Yanzu wata za ta zo da jan farce ta ɗauke.

Muna da ƙa'ida a sashenmu. Duk fayil ɗin da aka zare, sai an soka kati a gurbinsa da sunan wanda ya ɗauka. Katin madadi muke ce masa. Tsohon da ya koya mini aiki ba ya wasa da shi. "Ɗiyata, ƙasan nan ba a ɗauka a bar rami," haka yake cewa, "kuma ba a yi wa kati ƙarya." Na ɗauka tsantseni ne kawai irin na tsofaffin ma'aikata.

Da yammar nan na tsaya gaban kwalin, dabara ta faɗo mini. Kwali dubu huɗu ne a ɗakin. Takardar da aka sa a kwalin da ba nata ba ta ɓace ke nan, ko da tana nan kusa. Idan kuma katin ya nuna Dakta ce ta ɗauka, ita za ta yi wa hukumar jami'a bayanin inda ta kai shi.

Na zare fayil ɗin. Na ɗauki kati da fensir, na rubuta sunan ƙanwata cikakke, har ina kwaikwayon yadda take lanƙwasa harafin ƙarshe. Na soka shi a gurbin. Wallahi har wani daɗi na ji.

Na nufi layukan can ƙurya da fayil ɗin a hammata. Fanka tana juyawa a hankali, tana ƙara. Ɗakin yana warinsa na kullum, tsohuwar takarda da maganin ƙwari. Daga nesa na jiyo an fara kiran salla.

Sai wuta ta ɗauke.

Fankar ta yi ta juyi har ta tsaya. Na ji taku daga wajen matakala. Na ce a raina mai gadi ne, kada ya gan ni da abu a hannu. Na lalubi kwali a duhu, na ɗaga murfi, na cusa fayil ɗin na rufe. Ban san layi na nawa nake ba.

"Baba mai gadi?" na ce.

Takun ya ci gaba. Ba na takalmi ba ne. Tafin ƙafa ne jiƙaƙƙe a kan siminti, caɓ, caɓ, ba gaggawa.

Warin ɗakin ya canja. Yanzu warin laka nake ji, da na guga da ta daɗe cikin ruwa.

Takun ya tsaya daidai layin kwali na arba'in da bakwai. Na ji an jawo kwalin. An ɗaga murfi. Ana bin fayil-fayil da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yadda mu ma'aikata muke yi.

Yatsan ya tsaya.

"An ɗauka."

Muryar ƙasa-ƙasa take, kamar mai magana da kai cikin tulu.

Sanyi ya taɓa yatsun ƙafata. Ruwa ne. Yana tasowa daga simintin.

Na fara tafiya da baya ina lalube. Kafaɗata ta bugi kantar kwalaye. Na juya, sai ga mai takun a gabana.

Ɗan hasken da ke shigowa ta matakala ya nuna mini tsawonsa. Ya sunkuya don kada kansa ya taɓa rufi. Ruwa yana ɗiga daga haɓarsa. Ban ga fuska ba. Na ga katin a tsakanin yatsu biyu dogaye.

Ya karanta sunan ƙanwata, gaɓa-gaɓa.

Hannu ya kama wuyan hannuna. Sanyinsa har cikin ƙashi.

"Wa ya ɗauka?"

Ruwa ya kai idon sawuna.

"Ita ce?"

Kalma biyu kawai zan faɗa: ni ce. Na san haka, kuma hankalina yana jikina. Amma ina jin yadda yake jana ƙasa a hankali, simintin yana laushi ƙarƙashin ƙafata. Kuma ko a wannan hali, Allah Ya yafe mini, sai da na tuna dariyarta ta safe.

"Ita ce," na ce.

Ya sake ni.

Ban san yadda na hau matakala ba, da hannu da gwiwa. A sama na ci karo da mai gadi yana shimfiɗa tabarmar salla, fitilu duk a kunne.

"Anti, lafiya? Ina kika samo taɓo a ƙafa haka?"

Wayata tana ta ruri a jaka. Inna ce, tana kuka. Wai Dakta tana zaune tana duba takardun ɗalibai sai ta zame daga kujera, rigarta jagab kamar an tsamo ta daga ruwa.

Ta farfaɗo bayan kwana uku, amma karatu ya tafi. In aka miƙa mata littafi sai ta yi ta kallonsa tana juya shi sama da ƙasa. Likitoci sun yi hoton kai, ba su ga komai ba.

Washegarin abin na koma ƙasa da sassafe. Siminti a bushe, kwalin yana wurinsa, katin babu. Tun ranar nake neman fayil ɗin don in mayar. Na buɗe kwali dubu da ɗari uku zuwa yanzu.

Jami'a ta ba ni aikin littafin, tunda babu wanda ya san takardun kamar ni. Ya fito bara, sunana a bango da manyan baƙaƙe. Inna ta ajiye kwafi ɗaya a kan talabijin tana nuna wa baƙi. Ni ko buɗe shi ba na iya yi.

Ƙanwata tana ɗakina yanzu, ni nake yi mata wanka ina ba ta abinci. Yini take lafiya lau, har ta yi mini murmushi. Amma da zarar an kira magariba sai ta matso ta riƙe wuyan hannuna, tafinta a jiƙe, ta ce a hankali, "Yaya, wa ya ɗauka?"

Inna tana zaune a gefe kullum, tana kallon bakina. Har yau ban amsa ba.