Gyambon Kwanciya

"Haɗa kayanki mu tafi gida," in ji Umma daga bakin ƙofa.

Ban ɗago ba. Ina durƙushe a gaban gadon mijina, ina jiƙa bandejin da ya manne masa a kwankwaso. Tun da ya faɗo daga saman gini ƙafafunsa suka mutu, doguwar kwanciya kuma ta cinye masa fata ta gefe biyu.

"Umma, ki zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Dubi yadda kika ƙare... Wannan kike kira aure?"

Ya juyar da fuskarsa bango. Da ƙyar muryarsa ta fito. "Gaskiya ta faɗa, rabin raina. Ki bi ta. Zan sawwaƙe miki."

Na ci gaba da jiƙa bandejin.

"Bismillah, sake ni. A ɗakin nan zan yi idda, ina wanke maka ciwo. Sai mu ga wanda zai fara gajiya."

Na ɗaga bandejin a hankali, duk da haka sai da ya taho da sabuwar tsoka, jini ya biyo baya. Shi bai ji komai ba. Ni ce na ji.

"Umma, zo ki gani."

Ta matso ba don ranta ya so ba. Na ɓare filasta mai soso da nas ta liƙa masa a ɗaya gefen don gwaji. Ta fita salin-alin. Ciwon ya yi jawur, bakinsa har ya fara haɗewa.

"Kin ga bambancin? Wancan yana bushewa ya yage, wannan yana tsotse ruwan. Nas ta ce duk mu koma irin wannan. Amma ko wanne aka sa, in ba a juya majinyacin akai-akai, aikin banza ne. Ni kaɗai nake juya shi, bayana kamar zai tsinke. Ba zan bar shi ba, Umma. In tausayina kike ji, ki kama mini."

Ta dube ni. Can ta ajiye jakarta, ta naɗe hannun riga.

"Taurin kan ubanki kika ɗauko," ta ce. Ta dubi mijina. "Kai kuma, kada in ƙara jin maganar saki a bakinka."

Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne. Na share masa da tafin hannuna.

Umma ta damƙi gefen zanin gadon.

"To, ta wajenki za mu juya shi, ko ta wajena?"